Ta Girme Shi da Shekara Takwas

Alhaji Labo manomi ne a Maska. Yana da gonakin masara uku, da ɗaya ta auduga wadda ya ƙi saki duk da cewa maƙwabtansa sun koma waken suya tun tuni. Shekarunsa sittin da ɗaya. Ba ya rasa sahun gaba a masallaci, kuma idan gardama ta kaure a majalisar ƙofar gidansa bayan la'asar, yakan rufe ta da cewa, "Haka magabata suka yi," ko da gardamar a kan lokacin shuka ce.

'Ya'yansa mata huɗu duk ya aurar da su kafin su cika sha takwas, yana kuma alfahari da hakan. Namiji ɗaya gare shi, Zaharaddeen, makanike a Funtua mai gyaran tarakta da injin casa. Tun yaron yana da shekara ashirin da biyu uban ke yi masa maganar aure, shi kuma yana cewa a ɗan ƙara masa lokaci ya kama ƙasa. Yanzu ya kai ashirin da shida.

Wata Juma'a a cikin watan Agusta, bayan an sauko daga masallaci, matarsa Maijidda ta kawo masa abinci a zaure. Maimakon ta ajiye ta koma, sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Alhaji, yaron nan ya samu mata. Ya ce in faɗa maka."

"Alhamdu lillahi. Yana ina?"

"Yana ciki. Ka tambaye shi a hankali."

Bai kula da wannan kalma ta ƙarshe ba. Ya sa aka kira Zaharaddeen, ya shigo ya durƙusa gefen tabarma, kansa a ƙasa.

"Ɗiyar wane gida ce?"

"Ɗiyar marigayi Malam Mudi ce, Baba, wanda ya yi aiki a kamfanin gurzar auduga a Funtua. Sunanta Shafa'atu."

"Mutanen kirki ne?"

"Kowa ya shaide su."

"Ta gama makaranta, ko sai mun jira?"

"Ta gama. Ta yi karatun aikin gona a Zariya. Tana da shagon iri da maganin feshi kusa da kasuwa."

Alhaji Labo ya ajiye lomar da ya ɗauka. Yarinyar da ta yi karatu a Zariya har ta buɗe shago ba 'yar sha bakwai ba ce.

"Shekarunta nawa?"

"Talatin da huɗu."

"Bazawara ce ke nan."

"A'a, Baba. Ba ta taɓa aure ba."

Can uban ya ce, "Kai shekarunka nawa?"

"Ashirin da shida."

"Na sani, ni na yanka maka rago. So nake ka ji da kunnenka. Tashi ka ba ni wuri."

Kafin magariba ƙanen Alhaji Labo, Tanimu, ya ji labari. Tanimu dillalin hatsi ne, mutum ne mai saurin yanke hukunci, kuma yana da 'ya mai shekara sha takwas wadda ya daɗe yana ganin ta dace da Zaharaddeen. Ya zo ya zauna ya ce mace ba ta kai talatin da huɗu a gidan ubanta haka kawai. Ko hali ne, ko ciwo ne da ake ɓoyewa, ko kuwa ta shanye yaron. Ya ce abin kunya ne a kawo amarya Maska mutane su kasa gane ita ce amaryar ko uwar rakiya.

"Ka je wajen Malam Murtala," in ji shi. "Ya kira yaron ya karanta mashi. Maganar malami ta fi tamu shiga."

Malam Murtala shi ne limamin unguwarsu, kuma tare suka yi makarantar allo da Alhaji Labo. Washegari da hantsi Alhaji Labo ya same shi a gonarsa ta bayan gari, ya naɗe ƙafar wando yana cire ciyawa a tsakanin kunyoyin dawa. Suka gaisa, suka koma gindin ɗorawa suka zauna. Alhaji Labo ya kwashe labari ya faɗa masa, ya ƙare da cewa yana so Malam ya nuna wa yaron wannan ba hanyar addini ba ce.

Malam Murtala ya kakkaɓe ƙasar hannunsa. "To, da me zan nuna mashi?"

"Kai ne malami."

"Shi ya sa nake tambaya. Musulma ce?"

"Musulma ce."

"Akwai nono tsakaninsu, ko wata dangantaka da ta haramta?"

"Babu."

"An kama ta da wani abin assha?"

"Ban ji ba. Amma Malam, ta girme shi da shekara takwas."

"Alhaji, ni da kai a gaban malami ɗaya muka ji tarihi. Uwar Muminai Nana Khadija ta girmi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. In na kira yaron nan na ce mashi addini ya hana, abin da zai fara tuna mani ke nan. Me zan ce?"

"Ai Nana A'isha ma tana nan a tarihin. Da ƙuruciyarta aka kai ta."

"Tana nan. Duka biyun suna nan. Mu ne muka riƙe ɗaya muka bar ɗaya, domin ɗayar ta fi dacewa da abin da muka tarar iyayenmu na yi."

Alhaji Labo bai ji daɗin wannan ba. Ya ce, "Kai da bakinka, shekara da shekaru, kana hawa mumbari kana cewa a aurar da yara da wuri. Ko ba kai ba ne?"

"Ni ne. Yaushe rabon da ka ji na faɗa?"

Ya yi tunani. Ya daɗe bai ji ba, kuma bai lura ba sai yanzu.

"Addinin ne ya canza?" ya tambaya.

"Addini yana nan inda yake. Abin da nake tsoro a da, wato lalacewar yara, har gobe ina tsoronsa. Amma abin da aka halatta daban, abin da aka wajabta daban, kuma an hana mu cutar da wani ko da ta hanyar halal ce. Ni nake sallar gawa a unguwar nan, Alhaji. In aka kawo mace ta rasu wajen haihuwa, nakan tambayi shekarunta. Na yi ta tambaya har amsar ta ishe ni. Yanzu in aka zo ɗaurin aure sai na ji shekarun yarinya, sai na aika an tambayo ta. Wasu sun daina kawo mani, suna kai wa wani liman. Ban hana su ba."

"To ai wannan maganar ƙanana ce. Tawa matsalar babba ce."

"Ƙafafun mutum ɗaya ne, ta hagu da ta dama. Ba a ba mu lamba ba, an ba mu hankali da tausayi aka ce mu duba maslaha. In kana da dalilin ƙin yarinyar nan, faɗe shi da sunanka, kai uba ne, kana da haƙƙi. Amma kar ka ce in ara maka rawanina."

Alhaji Labo ya tashi ya yi sallama a gajarce. A hanya yana ta mita shi kaɗai, yana cewa malaman yanzu rediyo ta lalata su, har da tsofaffin.

Kwana huɗu yana juya maganar. Ya ga tunda Malam ya ce ya kawo dalili, to zai je ya samo dalilin da idonsa. Yana da wata masara da ya shuka a makare a gefen fadama, tsutsa ta fara cin tsakiyarta. Ya karyo guda ɗaya ya naɗe a leda, ya hau acaɓa zuwa Funtua, bai gaya wa kowa inda za shi ba.

Shagon bai yi wuyar samu ba. Ɗan ƙarami ne, tsakanin mai sayar da buhuna da mai walda, an jera gwangwanayen iri da robobin magani har rufi. Mutum uku ne a gabansa. Ya tsaya a baya yana kallo. Mace ce doguwa, baƙa, siririya, da hijabi ruwan toka da tabarau. Ba ta da wani kyau na a zo a gani, kuma ba ta yi masa kama da mai asiri ba. Tana fama da wani manomi da ya nace sai ta ba shi roba biyu na maganin ciyawa don gona ɗaya.

"Malam, roba ɗaya ta ishe ka," take cewa. "In ka ninka, ba ciyawar kaɗai za ka kashe ba."

"Ke ba ciniki kike so ba?"

"Ina so. Amma ina so ka dawo baɗi."

Mutumin ya karɓi ɗaya ya tafi yana gunaguni. Da layi ya zo kan Alhaji Labo, ya miƙa ledar. Ta buɗe masarar, ta tsaga tsakiyarta da farce, ta nuna masa tsutsar a kwance cikin kashinta. Ta ce tsutsar ta fara girma, kada ya wuce gobe. Ya yi feshi da sassafe ko da yamma liƙis, ya saita bakin injin cikin tsakiyar kowace masara, ba bisa ganye ba, ya kuma rufe hanci da baki. Ta rubuta masa awon a jikin robar da babban rubutu.

Sannan ta zagayo daga bayan kanta, ta jawo kujerar roba ta goge ta da gefen hijabinta, ta durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina wuni. Ga wuri. Na san ba tsutsa kaɗai ta kawo ka ba."

Kunya ta kama shi kamar an kama shi yana leƙen gidan mutane. "Kin san ni ne?"

"Na ga hotonka a wayarshi. Ko ban gani ba, tafiyarku ɗaya."

Ya zauna, don ba shi da yadda zai yi. Ta aika aka kawo masa ruwa mai sanyi. Ita ta zauna a kan buhun iri, nesa kaɗan, idonta a ƙasa.

"Tunda kin gane ni, zan tambaye ki, kar ki ji haushi. Me ya zaunar da ke har yanzu?"

Ta ba shi amsa ba tare da ta canza murya ba, kamar wadda ta saba da tambayar. Tana da shekara sha shida mahaifinta ya rasu. A lokacin akwai wanda ke neman ta, har an fara magana. Amma mahaifiyarta ta kwanta ciwon ɓarin jiki bayan rasuwar, ga ƙanne huɗu, babbansu yana da shekara sha biyu. Ta ce a dakata. Mai neman ya jira shekara ɗaya ya auri wata, ba ta ga laifinsa ba. Ta yi ta jinya tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta gama sakandare a haka. Da mahaifiyar ta rasu, wani abokin aikin babanta ya taimaka ta tafi Zariya. Ta dawo ta yi aikin malamar gona na ɗan lokaci, sannan ta buɗe shago. Ƙannen duk sun tashi, matan biyu suna gidajen mazajensu.

"Daga baya an zo," ta ce. "Wani ya ce sai na rufe shago, alhali ƙanena na ƙarshe yana makaranta da shi. Wani ya zo, da ya ji shekaruna bai dawo ba. Daga nan sai aka daina zuwa, ni ma na daina jira."

"Shi kuma nawa yaron fa?"

"Injin feshi ya zo gyara wa maƙwabcina, muka saba gaisawa. Da ya faɗa mani abin da ke ranshi na yi dariya, na ce ya je ya nemi sa'arshi. Sau biyu ina ce mashi a'a, Baba. Na lissafa mashi duk abin da za a faɗa, na Maska da na Funtua. Shekara guda yana dawowa."

"Kin san abin da uba ke so. Ina son in ga jikoki ta wajenshi. Shi kaɗai gare ni namiji."

"Na sani. Wannan ba zan yi maka alkawari a kai ba, don ba a hannuna yake ba. Lafiyata lau iyakar sanina." Ta ɗago kai. "Abu ɗaya zan iya yi maka alkawari. In ba ka yarda ba, ba za a yi ba. Na gaya mashi haka. Ba zan raba ɗa da ubanshi ba don in samu ɗaki. Ina son shi, ba zan ɓoye maka ba, amma na zauna shekara talatin da huɗu a gidanmu, ban mutu ba."

Wasu manoma biyu suka tsaya a ƙofar shago suna jira. Alhaji Labo ya miƙe, ya ɗauki robarsa, ya ce Allah ya yi albarka, domin ba a tashi daga gaban wanda ya durƙusa maka ba tare da an faɗi haka ba. Ya koma Maska ransa a jagule. Ya je neman aibi bai samo ba, kuma ta ɗora masa kayan duka a ka.

Ya yi feshin yadda ta ce. Masarar ta farfaɗo, ban da layi biyu na bakin ruwa da tsutsa ta riga ta gama da su.

Satumba ta wuce ba a sake tayar da maganar ba. Zaharaddeen yana zuwa duk Juma'a, ya gaida iyayensa, ya duba injin ban ruwa, ya koma. Ya rame kaɗan. Sau ɗaya uban ya gwada shi da maganar 'yar Tanimu.

"In ka umarce ni zan yi, Baba," in ji yaron. "Amma zan cuci yarinyar, don ba ita ce a raina ba. Ita ma ban san ko an tambaye ta ba."

Uban bai umarce shi ba. Bai kuma ce ya yarda da ɗayar ba.

Da kaka ta yi aka fara kwaso masara gida. Wata rana bayan azahar Alhaji Labo ya shiga cikin gida ya tarar da Maijidda ita kaɗai a inuwar rumbu, ga tulin masara a gabanta tana ɓarewa. Ya jawo turmi ya kifa ya zauna, ya ɗauki ɗaya yana taya ta, abin da ba ya yi sai in yana da magana.

"Duniya ta lalace," ya fara. "Mace sai ta tsufa a gida sannan a ce aure. Ke shekara sha huɗu aka kawo ki gidan nan. Me ya same ki? Ga ki nan da jikokinki."

Maijidda ba ta ɗago ba. Ta gama ɓare wadda ke hannunta, ta jefa a kwando.

"Tambayata kake yi, Alhaji, ko faɗa kake?"

"Tambaya nake."

"To shekara talatin da shida ba ka taɓa yi ba, bari in ba ka amsa. Da aka kawo ni ban san me ake nufi da aure ba. In na ji 'yan mata na gaɗa a dandali sai in sulale in tafi, Inna mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, ta biyo ni ta kamo hannuna. Cikina na fari kwana uku ina naƙuda. A amalanke aka kai ni bakin titi. Ɗan bai zo da rai ba, kai kana kasuwar Bakori, da ka dawo an riga an rufe shi. Na biyu ma haka, ita mace ce, ta yi kwana biyu ta rasu. Likitar ta ce ƙuguna bai gama buɗewa ba. Inna ta ce kar a gaya maka, maganar mata ce. Sai a na uku, ina da sha tara, na samu ɗiyar da ta rayu."

"Wannan ai ƙaddara ce."

"Ƙaddara ce, ban musa ba. Ban kuma ce ka cuce ni ba. Haka kowa ke yi a lokacin, ka riƙe ni da mutunci, ban taɓa kwana da yunwa a gidanka ba. Amma in za ka kafa hujja, kar ka kafa da ni. Da an bar ni na ƙara shekara biyar a gaban uwata, da na fi so."

Alhaji Labo ya riƙe masarar a hannu bai ɓare ba. Yana tuna shekarun nan biyu, amma abin da ya riƙe daga cikinsu shi ne an yi rashi, an yi haƙuri. Bai taɓa haɗa su da shekarunta ba.

"Da aka zo aurar da naki 'ya'yan ba ki ce komai ba," ya ce.

"Na ce. Na ce a bar Bushra ta gama aji shida, ka ce mijin ba zai jira ba. Sai na yi shiru na kama addu'a."

Ta ɗauki wata masarar. "Ita kuma wannan da kake gudu, na je na gan ta."

"Yaushe?"

"Ranar da na ce maka za ni dubiya asibiti. Na yi dubiyar, sannan na biya. Ta san ciwon kanta, ta san jinya, ta san yadda ake riƙe gida ba uba ba uwa. Tsakanina da ita shekara sha shida ne, na san za a ce ƙanwata na kawo. Su faɗa. Ni dai in na kwanta ciwo, irinta nake so a kusa."

Ya zauna har suka gama rabin tulin, aka kira la'asar ya fita.

Bai taɓa cewa ya canza ra'ayi ba, a lokacin ko daga baya. Abin da ya yi shi ne, bayan kwana tara, da aka idar da sallar asuba, ya tsaya a ƙofar masallaci har Malam Murtala ya fito.

"Ranar Asabar za ka raka ni Funtua."

"Lafiya?"

"Neman aure. Tunda ka ƙi ara mani rawanin, sai ka zo da shi a kanka."

A al'ada Tanimu ne ya kamata ya shige gaba, shi ne ƙanen uba. Alhaji Labo ya je har gida ya gaya masa. Tanimu ya ce ƙafarsa ba za ta taka ba, kuma duk abin da ya biyo baya kada a neme shi. Saboda haka uban ango da kansa ya je, shi da liman da wasu dattawa biyu na majalisa.

A can ma abin bai zo yadda ya saba ba. Shafa'atu ba ta da baffa a raye, waliyyinta ƙanenta ne Abubakar Sadiq, malamin firamare mai shekara talatin. Ya sa babbar riga wadda ta yi masa yawa, ya gayyato mai unguwa da limaminsu su zauna kusa da shi. Alhaji Labo, da furfurarsa, ya buɗe baki ya nemi aure a hannun sa'an ɗansa. Abubakar Sadiq ya ce ya bayar, sai muryarsa ta karye. Ya ce a yi masa haƙuri, wannan da ake nema ita ta yi masa wanka ta kai shi makaranta, bai taɓa zaton shi zai ba da ita ba. Aka yi fatiha.

An ɗaura aure a watan Disamba, bayan an gama kai amfanin gona rumbu. Suka tare a gidan haya mai ɗaki biyu a Funtua, kusa da garejin da Zaharaddeen ke aiki. Ba ta rufe shago ba. A Maska an yi maganar har aka gaji. Wasu suka ce kuɗinta ya bi, wasu suka ce ba za a shekara ba. Wata rana a majalisa wani ya yi shaguɓe a kan masu auro yayyensu, Alhaji Labo ya dube shi ya ce in yana da aya ya kawo, in ba shi da ita ya sha shayinsa. Amma shi ɗin dai, a wannan majalisar, ya ci gaba da cewa talatin da huɗu ya yi yawa, ba zai so wa jikokinsa haka ba. Da aka tambaye shi to nawa ne daidai, ya ce su dai bari yarinya ta gama makaranta ta yi ƙwari, sauran a bar wa iyaye su duba. Shi da Malam Murtala har yanzu ba su daidaita a kan ko sakandare ake nufi ko abin da ke gaba da ita ba.

Shekarar farko ta wuce shiru. A ta biyu Shafa'atu ta samu ciki, ya zo mata da hawan jini, aka ce ta riƙa zuwa awo duk sati biyu. Maijidda ta tattara kayanta ta koma Funtua wata guda kafin lokaci. Da aiki aka ciro 'yar, mace, ƙarama amma lafiyayya, uwar ta yi kwana shida a asibiti.

A Maska aka yi suna, a ƙofar gidan Alhaji Labo, aka sa wa yarinya Amatullahi. Tanimu bai zo raɗin suna da safe ba. Sai wajen azahar ya ɓullo, ya zauna a gefen rumfa, aka kawo masa waina ya ci. Ya ce wa na kusa da shi ai dama haihuwar manya sai da wuƙa. Bai shiga ciki ya yi wa mai jego barka ba, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Da aka gama rabon nama, Alhaji Labo ya ware cinya guda ya ce a kai gidan Tanimu, sannan ya koma wajen baƙinsa na Funtua da ke shirin tafiya kafin hadari ya haɗu.